Ina wuni gaban kwamfuta, amma aikin bai taka kara ya karya ba

Wani matashi ya aiko da wannan wasiƙa:

"Yaya, barka da aiki. Shekarata 26, sana'ata rubuta manhaja, kuma shekara biyu ke nan ina yi wa wani kamfani aiki daga gida. Matsalata ita ce na kasa tsayar da hankalina wuri guda. Nakan zauna gaban kwamfuta tun ƙarfe takwas na safe har bayan shida na yamma, amma in na duba abin da na yi, bai wuce aikin awa biyu ba. Da zarar na ci karo da kuskuren da ban gane kansa ba, ko na tayar da gwajin da ke duba ko manhajar tana aiki daidai ina jiran sakamako, sai in tsinci kaina a WhatsApp ko YouTube, ban ma san lokacin da hannuna ya kai ga waya ba. Ga kuma Slack, manhajar saƙonni ta wurin aiki, shugabana yana son a amsa masa nan take. Na gwada tsarin nan na aikin minti 25 bai yi mini ba. Sau uku ina goge manhajojin sada zumunta ina mayar da su. Yanzu da dare nake biyan bashin aikin, har ƙarfe biyu ban kwanta ba. Sau biyu ke nan ina saɓa wa'adi, na fara jin kunyar abokan aikina. Anya ba lalaci ne ya kama ni ba? Ko dai sana'ar ce ba tawa ba?"

Ƙanena, malalaci ba ya kaiwa ƙarfe biyun dare yana biyan bashin aiki, kuma kunyar abokan aiki ba ta damunsa har ta sa shi zaman rubuta wasiƙa. Ka sauke wannan zargin daga kanka tukuna, nauyi kawai yake ƙara maka. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma a ganina ka riga ka nuna inda ciwon yake ba tare da ka lura ba. Wurare biyu ka ambata: lokacin da ka ci karo da kuskuren da ya shige maka duhu, da lokacin da kake jiran gwaji ya ƙare. A nan ne hannunka yake tafiya ga waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai kuwa wata da watanni kana kokawa da ƙadangaren, ka goge wannan manhaja ka mayar da waccan, tsagar tana nan yadda take.

Ni ma na taɓa shiga wannan halin, a wata shekarar da aka ɗora mini gyaran wata tsohuwar manhaja da waɗanda suka rubuta ta duk sun bar wurin. Abin da ya buɗe mini ido wata 'yar takarda ce da na ajiye kusa da kibod. Duk lokacin da na farga na bar aikin, sai in rubuta ƙarfe nawa ne, da abin da nake yi dab da barinsa. Ban hana kaina komai ba a wannan makon, rubutun kawai nake yi. Ga irin abin da ya cika takardar: "10:12, gwaji ya faɗi, ban san dalili ba." "10:40, na rasa sunan da zan sa wa wannan sashen." "11:05, na tuna sai na taɓa fayil ɗin nan mai layi dubu biyu." Da yamma na zauna na karanta ta daga sama har ƙasa, jikina ya yi sanyi. Da ƙyar na samu layi biyu ko uku da wani ne ya kira ni. Sauran duka ni ne na tashi da ƙafata, kuma kowane tashi ya zo ne a daidai inda ban san abin da zan yi gaba ba. Wannan ne aikin farko da nake so ka yi: kwana uku na irin wannan rubutu, kafin ka canza komai a tsarin aikinka na rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Gloria Mark, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, ta kwashe kusan shekara ashirin tana auna yadda ma'aikata ke amfani da kwamfuta a bakin aikinsu. A 2004 ta samu cewa mutum yakan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu guda kafin ya juya ga wani. A 2012 lokacin ya sauko zuwa daƙiƙa 75, a 'yan shekarun nan kuma ya koma wajen daƙiƙa 47. Amma abin da ya fi shafar ka a bincikenta shi ne, kusan rabin katsewar da ma'aikaci yake samu shi ne yake katse kansa, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Masu nazarin halayyar ɗan'adam irin su Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayanin dalili: jan ƙafa a kan aiki galibi gudu ne daga wani ɗaci da aikin yake jawowa a zuciya, ko ruɗewa, ko gundura, ko tsoron kada a ga gazawarka. Jan rubutun kuskure ya bayyana a allo, ƙirjinka ya ɗan takura, wata murya ta ce maka "wanda ya iya aiki da tuni ya gane wannan", sai hannu ya nemo maka sauƙi mafi kusa. Sauƙin na gaske ne, shi ya sa ake komawa. Minti goma ne kawai tsawon ransa.

Kafin in zo ga magani, ina so ka san abin da kowace fita take ci maka, domin a sana'arku ta fi tsada. Lokacin da kake bin sawun kuskure, kana riƙe da abubuwa da yawa a ka lokaci guda: wace ƙima ce ta shigo, daga ina ta fito, wane sashe ne ya taɓa ta a hanya, me ka riga ka gwada. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da faɗin wurin riƙe irin wannan. A 1956 George Miller ya ƙiyasta abubuwa bakwai, a 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa abin ya fi kusa da huɗu. Kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa a ka ne, waiwaye ɗaya ya isa ya zubar da rabi. Chris Parnin da Spencer Rugaber sun bi diddigin zaman aiki kusan 10,000 na masu rubuta manhaja 86, suka ga cewa bayan katsewa mutum yakan ɗauki minti 10 zuwa 15 kafin ya sake fara gyara kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, kuma sau ɗaya ne kawai cikin goma ake komawa aiki a ƙasa da minti guda. Yi lissafin da kanka. In ka leƙa waya sau ashirin a wuni, ko da kowace leƙawa ba ta wuce minti ɗaya ba, komowar ita ce ke cinye maka awa uku zuwa biyar. Ga inda wuninka yake tafiya. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta ƙara da wani abu a 2009: in ka bar aiki bai ƙare ba ka koma wani, wani yanki na hankalinka yakan maƙale a na farkon. Taura biyu ba ta taunuwa, wannan kowa ya sani, sai dai da yawa ba mu san cewa ko ka furzar da ɗaya, ɗanɗanonta yana daɗewa a baki ba.

To, tsaga ta farko, wato kakarewa. Abin da na samu ya fi komai amfani shi ne in mayar da duhun ya zama tambaya a rubuce. "Gyara matsalar rasit" ba abu ne da hannu zai iya kamawa ba, shi ya sa zuciya take zillewa. Ka buɗe fayil ɗin rubutu guda ɗaya, ya zauna a buɗe duk wuni, kuma duk lokacin da ka ji wannan takurar ta zo, ka amsa tambayoyi huɗu a cikinsa: me nake tsammanin zai faru, me ya faru, me na riga na gwada, wane ƙaramin abu zan duba yanzu. Bari in nuna maka da misali. A ce ranar da ke fita a rasit tana komawa baya da kwana ɗaya ga wasu masu amfani da manhajarku. Sai ka rubuta: "Ya kamata ya nuna 14 ga wata, yana nuna 13. Ba ga kowa yake faruwa ba. Na duba shafin da ke nuna rasit ɗin, ban ga komai ba. Yanzu zan fito da lokacin yadda yake a rumbun bayanai, kafin a juya shi." Ka fito da shi, sai ka ga an ajiye 23:30 na ranar 13, alhali mutumin ya biya da sha biyu da rabi na dare ranar 14 a agogon ƙasarsa. Ashe sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, tana ajiye lokaci da agogon bai-ɗaya na duniya (UTC) ne, shafin kuma bai mayar da shi zuwa agogon mai amfani ba. Ka lura, ba wata basira ta musamman ce ta kai ka nan ba. Layi na huɗu ne, wanda ya ba hannunka abin yi na minti biyu a daidai lokacin da zai tafi neman waya.

Akwai masanin halayyar ɗan'adam ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, da ya yi suna a kan wannan tun 1999. Ya nuna cewa niyya irin ta "zan mai da hankali" ba ta cika riƙe mutum ba, amma wadda aka ɗaure da wani yanayi takan yi aiki: in kaza ya faru, zan yi kaza. Taka ita ce: in na ga kuskuren da ban gane ba, zan rubuta tambayoyi huɗu kafin in taɓa komai. Ka rubuta ta a takarda ka manna a gefen allo.

Kuma ka sa wa kakarewa iyaka. Ni rabin awa nake ba kaina. In ta wuce ina zagaye wuri guda, sai in tura wa abokin aiki abin da na rubuta, yadda yake. Na san kunya ce take hana ka, ka faɗa da bakinka. Amma ka sa kanka a matsayin wanda aka tambaya: tsakanin wanda ya zo da "abin nan ya ƙi yi" da wanda ya zo da layi huɗu a tsare, wa za ka fi gani da daraja? Sau da yawa ma kafin ka gama tsara tambayar amsar ta faɗo maka, sai ka goge saƙon. Awa uku na ɓuya a YouTube saboda gudun tambayar minti biyar, wannan ita ce asarar da ta fi ba ni tausayi ga matasan da na yi aiki da su.

Tsaga ta biyu, jira, ta fi sauƙin toshewa, amma ta fi yaudara. Gwaji zai ɗauki daƙiƙa arba'in, sai ka ce bari in leƙa saƙo ɗaya. Gwajin ya ƙare tun tuni, kai kana bidiyo na huɗu. Yanzu ma abin ya ƙaru, tunda da yawa suna aiki da mataimakan nan na ƙirƙirarriyar basira, a tura tambaya a zauna jiran amsa sau hamsin a wuni. Dokata a nan gajeriya ce: jiran da bai kai minti biyu ba, ba a barin wurin. Ka ɗauke hannu daga kibod, ka kalli nesa idonka ya huta, ka yi hasashen abin da gwajin zai nuna. Wannan hasashen kansa aiki ne, domin in sakamako ya saɓa da abin da ka zata, ka koyi wani abu nan take. In jiran ya kai minti biyar ko goma, tashi ka miƙe ƙafa, ka sha ruwa, ka bar wayar inda take. In kuma gwajinku kullum sai ya ci minti goma, to gyaran wannan ya cancanci wuni guda cikakke: ka koyi tayar da gwajin da ya shafi sashen da kake taɓawa kaɗai, ka bar babban zuwa ƙarshe.

Kada ka ɗauka na wanke waya. Waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji sun san aikinsu. Shafin nan da ake ja ba ya ƙarewa, Aza Raskin ne ake danganta ƙirƙirarsa da shi a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida sun gano cewa ƙarar shigowar saƙo kaɗai, ko mutum bai taɓa wayar ba, tana ƙara masa kurakurai a aikin da ke buƙatar natsuwa. Don haka kife ta a kan tebur bai wadatar ba. Ka kai ta wani ɗaki, ko ka sa ta a jaka ka rufe, ka saita ta yadda kiran mutum biyu ko uku da ba za ka iya ƙin amsa musu ba ne kawai zai shigo. Android da iPhone duk suna da wannan saitin. A kwamfuta kuma ka fita daga asusunka na sada zumunta, ka cire WhatsApp daga burauza, ko ka ware burauza guda don aiki kaɗai. Goge manhaja gaba ɗaya da ka yi sau uku alkawari ne mai girma da ake karyawa dare ɗaya. Nisan taku goma kuwa ƙaramin shinge ne, amma yakan ba ka daƙiƙa biyar ɗin da za ka farga ka tambayi kanka me kake gudu.

Akwai kuma wata fitar da ta fi waya haɗari, domin ta sa rigar aiki. Kallon darasi na uku a kan abin da ka riga ka iya, canza launin editan kod, karanta gardamar wane yare ya fi wane, gyara sashen da babu wanda ya ce ya lalace. Duk waɗannan za su bar ka da jin ka yi wani abu, aikin da aka ba ka kuwa yana nan bai motsa ba. In ka buɗe burauza don neman amsa, ka rubuta tambayar tukuna, ka rufe shafin da zarar ka same ta. Duk wani tunani da ya faɗo maka a tsakiyar aiki, ko saƙon da ka manta ba ka tura ba, ko wata dabara mai kyau, ka zuba shi a ƙasan takardarka ka ci gaba. Zuciya tana sakin abu in ta tabbata an ajiye mata shi.

Game da tsarin minti 25 da ka ce bai yi maka ba, ban yi mamaki ba. Francesco Cirillo ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yana ɗalibi a Italiya, da wani ɗan agogon kicin mai siffar tumatir, wanda daga nan sunan tsarin, Pomodoro, wato tumatir da Italiyanci, ya samo asali. Tsari ne mai kyau ga wanda ya kasa farawa. Amma in ɗora aikin a ka yana cin minti goma sha biyar, ƙararrawa ta kaɗa a minti na 25, ka ga ta katse ka ne a daidai lokacin da ka fara tafiya. Kuma ina kyautata zaton hutun minti biyar ɗin a waya kake yinsa. Shawarata ita ce ka riƙe agogon don tayar da aiki kawai: ka ce wa kanka minti 25 zan yi a kan wannan tambaya guda. In ya kaɗa kana cikin tafiya, kashe shi ka ci gaba har zuwa awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi, sannan ka yi hutu na gaske. Irin wannan zama biyu kafin rana ta raba, ɗaya bayanta, ya isa. Awa uku zuwa huɗu na aiki da cikakken hankali wuni ne mai albarka a wannan sana'a, kuma ya ninka abin da kake samu yanzu. Ka daina auna kanka da awa goma, babu wanda yake yin tunani mai zurfi na awa goma.

Sai maganar shugabanka, wadda ita ce ba ta hannunka kai kaɗai. Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, kamfanin Amurka da ke tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, ya yi wani rubutu a 2009 da ya bambanta jadawalin mai gudanarwa da na mai ƙira. Mai gudanarwa wuninsa a yanke yake awa-awa, saƙo ɗaya ba ya rage masa komai. Mai ƙira kuwa yana buƙatar rabin wuni a dunƙule, taro ɗaya a tsakiya ya isa ya wargaza shi. Shugabanka ba mugunta yake yi maka ba, a jadawalinsa yake rayuwa, kuma mai yiwuwa bai taɓa sanin abin da "kana nan?" ɗinsa take ci maka ba. Tun a shekarun 1980 Tom DeMarco da Timothy Lister suka gwada masu rubuta manhaja fiye da 600 daga kamfanoni 92 a kan aiki iri ɗaya. Yawan shekarun ƙwarewa bai bambanta su sosai ba, yanayin wurin aiki ne ya yi. Cikin waɗanda suka fi ƙwazo, kashi 38 cikin ɗari ne suka ce ana yawan katse su ba gaira ba dalili, cikin na ƙasa kuwa kashi 76.

Ka same shi ka yi masa magana, amma kada ka je da ƙorafi. Ka je da tayi, a kan abin da ya dame shi, wato wa'adi. Misali: "Ranka ya daɗe, na san na saɓa wa'adi sau biyu, kuma ina so in gyara. Ina neman izinin in rufe Slack daga tara zuwa sha ɗaya da rabi kullum, na mako biyu, mu gwada. Zan duba saƙo kafin nan da bayan nan, kuma in abu na gaggawa ne a kira ni a waya, zan ɗauka." Ka ga ka amsa laifinka, ka ba shi hanyar samunka, ka kuma sa wa gwajin iyaka yadda ba zai ji tsoron amincewa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya riga ya ga wa'adin da aka saɓa, abin da bai gani ba shi ne kana neman mafita. A 2015 Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia a Kanada sun sa mutum 124 duba imel sau uku kacal a rana na mako guda, kuma damuwarsu ta ragu idan aka kwatanta da makon da suka duba yadda suka ga dama. In shugaban naka ya ƙi, nemi awa ɗaya. In ita ma ya ƙi, ka fara aikinka mai nauyi awa ɗaya kafin saƙonni su fara shigowa, ka tashi da wuri daidai da haka.

Aikin daren nan kuwa, ƙanena, ina roƙonka ka daina shi daga yau, ko da bashin bai biyu ba. Wani bincike da Drew Dawson da Kathryn Reid suka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, aikinsa yakan tabarbare kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. In ka tashi bakwai na safe, sha biyun dare ka kai wannan matsayi. Kod ɗin da kake rubutawa ƙarfe ɗaya shi ne kuskuren da zai kakare maka ƙarfe goma na safe, ga shi kuma ka zo da ƙwaƙwalwar da ba ta da juriyar zama da shi. Kuma muddin zuciyarka ta san akwai dare a ajiye, ba za ta ɗauki rana da muhimmanci ba. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Ka sa lokacin rufe kwamfuta, ka kiyaye shi kamar yadda za ka kiyaye alkawarin da ka yi wa wanda kake jin nauyinsa.

Minti biyar na ƙarshe kafin ka rufe, ka ba gobe su. Rubuta inda ka tsaya da abu na farko da za ka taɓa da safe, dalla-dalla, har da sunan fayil da lambar layi. Leroy da Theresa Glomb sun gwada wannan a 2018, suka ga cewa ɗan gajeren rubutu na yadda za a koma aiki yana sakin hankali daga aikin da aka bari. Wasu ƙwararru ma da gangan suke barin gwaji guda a faɗe su tashi, domin da safe jan rubutun ne zai gaya musu inda za su fara. Haka za ka yi in an kira ka taro a tsakiyar aiki: ka ce a ba ka minti ɗaya, ka rubuta layi biyu, sannan ka tafi.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba na so ka tsallake shi. In wannan rashin natsuwa ya daɗe tare da kai tun kana yaro, a makaranta da gida da ko'ina, kana yawan mantuwa da ɓatar da kaya da kasa ƙarasa abin da ka fara, to ka ga likita ya duba ko lalurar nan ce ta ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD. Manya ma suna da ita, kuma ana samun taimako. Haka nan in ka lura abubuwan da suke faranta maka rai a da sun daina, ko damuwa ta hana ka barci ko da ka kwanta da wuri, wannan ma na likita ne, kuma babu abin kunya a ciki. In kuwa abin ya fara ne a shekara biyun nan na aiki daga gida, kamar yadda wasiƙarka ta nuna, to takarda da biro za ka fara nema.

Ka tambaya ko sana'ar ba taka ba ce. Wasiƙa ɗaya ba za ta ba ni damar yanke wannan ba, kai ma kuma ba za ka iya yanke shi da ƙarfe biyun dare a gajiye ba. Ka yi kwana ukun nan na rubutu, ka yi mako biyu da tambayoyi huɗu da waya a wani ɗaki da barci a kan lokaci, sannan ka lura da abin da kake ji a ranar da wani kuskure da ya wahalar da kai ya warware a hannunka. Ka sake rubuto mini bayan nan, ka haɗo da takardar ranar farko yadda take, kada ka gyara ko layi ɗaya. Allah ya dafa maka.